Yadda Ake Ƙiyasin Kayan Gini a Sakkwato, Daga Fandisho Zuwa Fenti

Ƙiyasin gini kashi biyu ne, adadin kaya da farashinsu. Farashi na kasuwa ne, na yau daban na gobe daban. Adadi kuwa ba ya motsi: bangon da ya ci bulo ɗari bara, ɗarin zai ci bana. Don haka adadi ake fara fitarwa tsaf, maganar naira sai ƙarshe. Gini da yawa ya tsaya a linta ne saboda an fara shi da "buhu hamsin zai isa", ba wanda ya zauna da biro da takarda.

Mayar da komai mita

Birkila da ƙafa da inci yake magana, zanen gini da milimita yake zuwa, mai yashi tifa ya sani, mai rodi kuma tan. Kafin ka taɓa lissafi ka mayar da su duka mita, domin cakuɗa ma'auni biyu a layi ɗaya shi ne kuskuren da ya fi ɓata ƙiyasi.

Ƙafa ɗaya mita 0.3048 ce, mita ɗaya kuma ƙafa 3.28. Inci ɗaya milimita 25.4 ne. A wajen fili, murabba'in mita ɗaya daidai yake da murabba'in ƙafa 10.76. A wajen cika, wato tsawo sau faɗi sau zurfi, kubik mita ɗaya lita 1,000 ne, ko kubik ƙafa 35.3. Ɗakin da ake kira sha biyu sha biyu mita 3.66 ne kowane gefe, amma a zane 3.6 ake rubutawa. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 mita 15.24 ne da 30.48, murabba'in mita 465 ke nan, mai 100 da 100 kuma 929. Eka 4,047 ce, hekta 10,000. Idan filin ba daidai-wa-daida yake ba, ka auna kusurwa zuwa kusurwa ka raba shi gida biyu masu kusurwa uku, kowanne ka buga gindinsa sau tsayinsa ka raba biyu, sannan ka haɗa. Awon taku bai da gurbi a nan, a nemo tef.

Buhu, kwanon sarki, baro da tifa

Buhun siminti kilo 50 ne, cikarsa kubik 0.035, wato lita 35. Kubik ɗaya na siminti kilo 1,440 ne, buhu 29 in an cike. Kwanon sarki biyu shafe da baki su ne buhu ɗaya, baro ɗaya kuma kwano huɗu ne, cikar buhu biyu ke nan. To kwaɓin 1:2:4 ma'anarsa buhu ɗaya, yashi kwano huɗu, tsakuwa kwano takwas, ko kuma a ce buhu ɗaya, baron yashi ɗaya, baron tsakuwa biyu. Matsalar ita ce lebura yakan tula baro har ya yi tozo, kuma baro mai tozo yana iya ɗaukar kwano biyar ko shida. Da haka 1:2:4 ke komawa 1:3:6 ba tare da kowa ya yi niyya ba. Ranar farko a auna baron da kwano a gaban kowa, a ja masa layi da fenti.

Tifa suna ne kawai, ba ma'auni ba. Akwai ƙarama, akwai mai taya goma, kuma ko iri ɗaya ne lodinsu ya bambanta. Ka hau da tef ka auna cikin bodin: tsawo sau faɗi sau tsayin da yashin ya kai bayan an baje shi. Bodi mai mita 3.6 da 2.1, lodi ya kai 0.6, kubik 4.5 ke nan, ko me direba ya kira shi. Idan da tan ake sayarwa, kubik ɗaya na busasshen yashi wajen tan 1.6 ne, fasasshen dutse tan 1.5 zuwa 1.6, jar ƙasa wajen 1.8.

Yashi mai danshi yana kumbura, har ya kan ƙara kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na cikarsa. Wanda aka ɗebo daga gulbi da damina ya fi na rani cika ido amma bai kai shi yawa ba. A duba laka kuma: ka zuba yashi cikin kwalba, ka ƙara ruwa, ka girgiza, ka bar shi ya kwanta. In lakar da ta taru a sama ta kai santimita 1 a kan yashi mai santimita 10, bai dace da kankare ba, zai ci siminti kuma ya tsage.

Maganar tsakuwa tana da nauyi a Sakkwato. Siminti a gida yake, ga masana'antar Kalambaina nan a bakin gari, domin ƙasar yankin mai farar ƙasa ce, wadda ake yin siminti da ita. Amma wannan ƙasar ba ta da dutsen da ake fasawa mai ƙarfi, sai an yo dakonsa daga nesa, ta wajen Zamfara. Shi ya sa kuɗin mota ke da babban kaso a farashinsa, kuma shi ya sa mutane ke komawa ga tsakuwar gida. Tsakuwar gida tana yi a fandishon gidan da ba bene ba da daɓe idan an tankaɗe ta an wanke jar ƙasar jikinta. Ga ginshiƙi da dekin bene kuwa, a sayi fasasshen dutse, ko da ya yi tsada.

Tsawon bango, wanda komai ke rataye a kansa

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe: ɗaki biyu a jere, kowanne 3.6 da 3.6 daga ciki, bulo mai inci tara, ƙofa biyu, taga huɗu.

Ana auna bango ta tsakiyar kaurinsa, don kada a ƙirga kusurwa sau biyu. Kaurin bulon inci tara mita 0.225 ne, saboda haka kowane ɗaki daga tsakiyar bango zuwa tsakiyar bango 3.825 ne. Dogon gefe 7.65, gajere 3.825, kewayen duka 22.95. Ka ƙara bangon da ya raba ɗakunan, 3.6. Jimla mita 26.55. Ka rubuta wannan lamba a saman takarda, da ita za a fitar da haƙa, kankare, bulo, linta da rodi.

Fandisho da daɓe

Faɗin rami ninki uku ne na kaurin bango, wato 0.675. In zurfin 0.9 ne, haƙa ya zama 26.55 sau 0.675 sau 0.9, kubik 16. Zurfin dai ƙasa ce ke yanke shi. A kan tudu mai jar ƙasa ana samun ƙasa mai tauri da wuri. A wuraren da suka gangara fadamar Rima kuwa laka ce, tana kumbura da damina ta tsattsage da rani, kuma nan sai injiniya ya gani da idonsa kafin a sa lamba.

Ga ƙa'idar kankare, wadda ta cancanci a haddace. Idan aka kwaɓa busassun kaya da ruwa suna raguwa, domin yashi yana shigewa tsakanin tsakuwa, siminti kuma yana shigewa tsakanin yashi. Saboda haka kowane kubik ɗaya na kankare yana buƙatar kubik 1.54 na busassun kaya. Ka raba 1.54 da jimlar kason kwaɓin. A 1:2:4 jimla 7 ce, kaso ɗaya 0.22. Siminti kaso ɗaya, 0.22 sau 1,440 kilo 317 ne, buhu 6.3. Yashi kaso biyu, 0.44. Tsakuwa kaso huɗu, 0.88. Da wannan hanya 1:3:6 ke ba da buhu 4.4, yashi 0.46, tsakuwa 0.92, shi kuma 1:4:8 buhu 3.4, yashi 0.47, tsakuwa 0.95. Wanda ya manta da 1.54 ya raba kubik ɗaya kai tsaye, zai sayo kashi biyu cikin uku na abin da ake bukata, kaya su ƙare ana tsakiyar zubi.

Kankaren gindin ramin misalinmu, mai kaurin 0.225, shi ne 26.55 sau 0.675 sau 0.225, kubik 4. Da kwaɓin 1:3:6 buhu 18 ne, yashi kubik 1.9, tsakuwa 3.7. Bulon fandisho layi huɗu: kowace mita tana cin bulo 2.2, layi ɗaya 59, huɗu 236, a ce 240. Waɗannan ana cike ramukansu da kankare mara ƙarfi, kuma nan ne masu ƙiyasi suka fi mantuwa. Ramukan bulo ɗaya suna ɗaukar kusan kubik 0.01, to 240 za su sha wajen kubik 2.3, buhu 8 a kwaɓin 1:4:8.

Ciko: cikin ɗakunan biyu murabba'in mita 25.9 ne. In za a ɗaga da 0.45, kubik 11.7 ke nan, amma jar ƙasa tana zama idan aka jiƙa aka daddaɓe, sai a ƙara kashi 30 cikin ɗari, a sayo kubik 15. A riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, kamar santimita 15, ana jiƙawa ana dakawa. Cikon da aka juye gaba ɗaya shi ne wanda ke zaunawa bayan shekara biyu, tayil ya fashe a tsakiyar ɗaki.

Jaman fulo, wato daɓen kankaren da ake zubawa a kan ciko, yana hawa har kan bango, don haka da awon waje ake lissafinsa: 7.875 sau 4.05, murabba'in mita 31.9. Kaurin santimita 10 ya ba da kubik 3.2, a 1:2:4 buhu 20, yashi 1.4, tsakuwa 2.8. A sa ledar da ake shimfiɗawa a ƙarƙashinsa cikin lissafi, da ƙarin kashi 10 na inda take hawa kan juna, tare da maganin gara.

Bulo

Fuskar bulo, ko mai inci tara ko mai inci shida, milimita 450 ce da 225, kauri ne kawai ya bambanta. Da kwaɓin da ke tsakani, murabba'in mita ɗaya yana cin tara da ɗan wani abu, sai ake lissafi da 10 don ya ɗauke fashewa da yanka. Wanda ya yi lissafi da 10 ba sai ya sake ɗora kaso mai yawa na asara ba, sai fa in bulon mai rugurgujewa ne.

Bango mai tsayin mita 3: 26.55 sau 3, murabba'in mita 79.7. A cire ƙofa biyu masu 0.9 da 2.1, wato 3.8, da taga huɗu masu 1.2 da 1.2, wato 5.8, da wurin linta, 26.55 sau 0.225, wato 6. Saura 64.1, bulo 640. Da na fandisho 880. Buhu ɗaya yana ɗora bulon inci tara wajen 50, na inci shida wajen 70, idan bulon ya daidaita kuma birkila ba ya zubar da kwaɓi cikin rami. To ɗori zai ci buhu 18, yashinsa kuma, a kan kwaɓin 1:6, kubik 3.8.

Mai son buga bulonsa da kansa ya yi lissafi da bulo 25 zuwa 30 a buhu ga inci tara, 35 zuwa 40 ga inci shida. Ana samun masu fitar da 50 ko fiye, kuma arhar ba ta zuwa ko'ina: wani ya fashe a mota, wani a hannun lebura, wanda ya kai bango kuma ya sha filasta. Ka ɗaga ɗaya zuwa ƙugu ka sake shi a ƙasa mai tauri, in ya watse ka nemi wani wurin.

Da yawa a Sakkwato ana ɗaga bango ya ɓoye rufi, saboda iskar farkon damina da ke yaye kwano. In haka za a yi, a ƙara layi uku ko huɗu a kewayen waje, da filastarsu ciki da waje, da kankaren da ake rufe kansu da shi.

Rodi da linta

Nauyin rodi: ka buga kaurinsa sau kansa, ka raba da 162, ya ba ka kilo a kowace mita. Mai milimita 12: 144 raba 162, kilo 0.888. Tsawon sanda mita 12 ne, don haka:

Milimita 8, kilo 0.395 a mita, sanda 211 a tan.
Milimita 10, kilo 0.617, sanda 135.
Milimita 12, kilo 0.888, sanda 94.
Milimita 16, kilo 1.58, sanda 53.
Milimita 20, kilo 2.47, sanda 34.
Milimita 25, kilo 3.85, sanda 22.

Amfanin wannan ya wuce lissafi, da shi ake kama rodin da bai cika ba. Sandar milimita 12 ta gaskiya kilo 10.7 ce. Ka ɗora ɗaya a sikeli, ka kuma ja mata tef, domin akwai wadda ake kira sha biyu alhali ba ta kai ba a kauri ko a tsawo. In an ce maka tan ɗaya ya ba da sanda ɗari da goma, siririya ce aka ba ka.

Lintar misalinmu ta zagaye ginin duka: 0.225 sau 0.225 sau 26.55, kubik 1.34, buhu 9 a 1:2:4, yashi 0.6, tsakuwa 1.2. Rodi huɗu masu milimita 12 a tsawonta, mita 106. Inda sanda biyu suka haɗu sai sun hau juna da ninki 40 zuwa 50 na kaurinsu, wato santimita 50 zuwa 60, ga kuma lanƙwasar kusurwa, saboda haka a ƙara kashi 10: mita 117, sanda 10. Zobban da ke kewaye rodin huɗu, na milimita 8, kowace santimita 20: 26.55 raba 0.2, a ƙara ɗaya, 134. A bar santimita 2.5 tsakanin rodi da katako kowane gefe don kankare ya rufe ƙarfen kada ya yi tsatsa, sai gefen zobe ya zama 17.5, huɗu 70, da ƙugiya ya kai santimita 85. Mita 114 ke nan, sanda 10. Katakon zubi mai inci 12 da tsawon ƙafa 12: gefe biyu mita 53, raba 3.6, falanki 15, da ƙarin biyu ko uku na ƙarƙashin ƙofa da taga. Wayar ɗauri da ƙusa ƙanana ne, amma a rubuta su.

Wannan na gidan da ba bene ba ne. A bene, kaurin rodi da tazararsa daga zanen injiniya ake ɗaukarsu, mai ƙiyasi ƙirgawa kawai yake yi, ba ya ragewa don kuɗi ya zo daidai.

Rufi, filasta, tayil da fenti

Rufi ya fi ginin faɗi ta hanya biyu. Na farko bakin da ke fitowa waje, yawanci 0.6 kowane gefe: 9.075 sau 5.25, murabba'in mita 47.6. Na biyu gangara. A ninka da 1.04 in digiri 15 ne, 1.06 a 20, 1.10 a 25, 1.15 a 30, 1.41 a 45. A digiri 20 ya zama 50.7, da kashi 10 na yanka da hawa juna 56. Dogon kwanon alminiyam da mita ake sayar da shi, a tambayi kaurinsa, milimita 0.45 da 0.55 ba kuɗinsu ɗaya ba. Ƙaramin kwano bandir ne mai guda 20, kuma da faɗin da ya rage bayan an ɗora wani kan wani ake lissafi, ba da cikakken faɗinsa ba. Katakon da rufin ke zaune a kansa a ɗaure shi da rodin da aka binne cikin kankare, ƙusa kaɗai ba ta riƙe shi a iskar nan.

Filasta tana da nata adadin raguwa, 1.3 a maimakon 1.54 na kankare. Bangon ciki 76.9 bayan cire ƙofa da taga, na waje har da gindi 72.7, a ce 150. Kaurin milimita 15: 150 sau 0.015 sau 1.3, kubik 2.93. A kwaɓin 1:5 a raba shida, siminti 0.49, buhu 14, yashi mai laushi kubik 2.4. A taƙaice buhu ɗaya murabba'in mita 10 zuwa 11. Bango in ya karkace, filasta ce ke biyan bashin: inda aka yi lissafin milimita 15 sai a shafa 25, buhu 14 ya koma 23. Shi ya sa igiya da ma'aunin ruwa a hannun birkila suke cikin abin da ke rage kuɗin siminti.

Tayil mai santimita 60 da 60 murabba'in mita 0.36 ne, kwali mai guda huɗu 1.44. Daɓen 25.9 da kashi 10 na yanka 28.5 ne, kwali 20, da biyu na gindin bango. A saye shi lokaci ɗaya, domin launin wani zubin yakan ɗan saɓa. Fenti lita ɗaya tana shafe murabba'in mita 8 zuwa 10 a shafa ɗaya, sabuwar filasta kuma ta fi sha. 150 sau biyu raba 8, lita 38, bokiti biyu masu lita 20.

Ruwa

Ba a cika sa shi a takarda ba, alhali a unguwannin da sai an sayi tanka ko kurar 'yan ga-ruwa kuɗi ne sosai. Kwaɓin kankare yana son lita 25 a kowane buhu, jarka ɗaya babba. Ƙara ruwa don zubi ya yi sauƙi yana rage ƙarfi. Ban ruwa ya fi kwaɓi ci: kwana 7 a ƙalla, safe da yamma, kuma sai kwana 28 kankare ke kai ƙarfin da ake lissafi da shi. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, da kuma lokacin hunturu mai busar da komai, ruwan saman kankare yana tashi kafin siminti ya gama kamawa, sai fuska ta tsattsage. A yi zubi da sassafe ko da la'asar, a rufe da buhunan da aka jiƙa ko a yi wa daɓe ɗan bakin yashi a tara ruwa a kai. Durom lita 200 ne. Tanki mai zagaye kuma, 3.14 sau rabin faɗinsa sau rabin faɗinsa sau tsayi, sau 1,000, shi ne litarsa.

Haɗawa da sa farashi

Simintin misalinmu: 18 da 8 da 20 da 18 da 9 da 14, buhu 87, da kashi 5 na zubewa 92, ban da na ɗora tayil. Yashi kubik 11, tsakuwa kubik 10, wajen tan 15 zuwa 16. Yanzu ne za a ja layi huɗu a takarda: kaya, adadi, farashin ɗaya, jimla. A tambayi farashi a wuri uku a rana ɗaya, a rubuta kwanan watan a sama, kuma a tabbatar ko da dako da saukewa ne ko babu. Kuɗin aiki layinsa daban: birkila da yawan bulo, mai filasta da ɗaki ko da murabba'in mita, mai haƙa da tsawon rami, kuma a yi yarjejeniya a rubuce tun farko kan wanda zai biya lebura. Ƙofofi, tagogi, silin, wayar lantarki, famfo, masai da kuɗin amincewar zane kowanne ya samu layinsa. A ƙasa a ɗora kashi 10 na abin da ba a hango ba.

In kuɗi na zuwa kaɗan-kaɗan, a raba takardar mataki-mataki: fandisho zuwa daɓe, daɓe zuwa linta, rufi, sannan gyaran ciki. Rodi, tsakuwa da bulo suna jira. Siminti ba ya jira, bayan wata uku ƙarfinsa ya fara sauka, da damina ma ba ya kai haka. A saye na mataki ɗaya kawai, a jera shi a kan katako nesa da bango, kada jeri ya wuce buhu goma, kuma wanda ya fara shigowa shi ake fara buɗewa.